Kano zuwa Guangzhou: kilomita nawa ne, kuma awa nawa ake yi a sama?

Wani bawan Allah mai shago a Kantin Kwari ya aiko mini da tambaya, ya haɗo da hoton tikitinsa. Ya ce wannan ne karon farko da zai je Chana sarin kaya da kansa. Tikitin ya nuna zai tashi daga Kano ranar Litinin ƙarfe 1:30 na rana, ya ya da zango a Addis Ababa, ya sauka Guangzhou ranar Talata ƙarfe 4:00 na yamma. A dawowa kuwa, zai tashi ƙarfe 12:30 na dare, ya iso Kano ƙarfe 12:30 na rana a ranar da ya taso. Ga abin da ya tambaya: "Yaya zuwa zai ci awa 26 da rabi, dawowa ta ci awa 12, alhali hanya ɗaya ce? Nisan ma kilomita nawa ne? Kuma me ya hana jirgin ya miƙe kai tsaye?"

Alhaji, Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya, ya sa a samo kasuwa mai albarka. Na yi shekaru ina aikin tsara tafiyar jirage. Mu ne muke zama a ofis tun kafin matuƙi ya iso, mu fitar masa da hanyar da zai bi, da tsayin da zai hau, da man da za a zuba masa, da lokacin da tafiyar za ta ci. Tambayarka ita ce aikinmu na kullum, don haka bari in warware maka ita daki-daki.

Mu fara da agogo, domin shi ne ya ruɗe ka. Kowane lokaci da ka gani a tikiti, lokacin garin da aka rubuta ne. Tashi da agogon garin tashi, sauka da agogon garin sauka. Ka saba jin gidajen rediyo suna cewa ƙarfe kaza agogon GMT, ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar. To mu muna gaban GMT da awa ɗaya, Habasha tana gabansa da awa uku, Chana kuma da awa takwas. Ke nan tsakaninmu da Guangzhou awa bakwai ne. Lokacin da kake sallar azahar a Kano, su sun yi isha'i.

Yanzu ɗauki biro. Daga Litinin 1:30 na rana zuwa Talata 4:00 na yamma awa 26 da rabi ne, kamar yadda ka lissafa. Cire bakwai, saura awa 19 da rabi. Wannan shi ne ainihin lokacin da za ka yi a hanya. A cikinsa akwai awa biyar daga Kano zuwa Addis, awa huɗu na zaman jira a filin jirgin Bole na Addis, sannan awa goma da rabi daga Addis zuwa Guangzhou. A dawowa ƙara bakwai za ka yi a kan sha biyun nan, ka sami awa 19: awa goma sha ɗaya zuwa Addis, awa uku na jira, awa biyar zuwa Kano. Ka ga ashe zuwa da dawowa kusan kunnen doki suke. Abin da ma zai ba ka mamaki shi ne, doguwar tafiyar da ke tsakanin Addis da Guangzhou ta fi tsawo a dawowa da rabin awa, duk da cewa a takarda dawowar ce ta yi kamar ta fi sauri. Zan dawo kan dalilin wannan rabin awar, domin a nan ne maganar ta fi daɗi.

Sai nisa. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Baiyun na Guangzhou, a hanya mafi gajarta da za a iya bi a bayan ƙasa, kimanin kilomita 10,900 ne. Kewayen duniya gaba ɗaya kilomita 40,000 ne da 'yan kai, ke nan za ka ci fiye da rubu'in duniya. Don ka kwatanta da abin da ka sani, Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne. Tafiyarka ta ninka ta aikin Hajji sau uku har da ɗori. Idan ka duba a intanet ka ga wasu alƙaluma dabam, kamar 6,800 ko 5,900, kada ka ce wani ya yi kuskure. Mil iri biyu ne. Akwai mil na ƙasa mai kilomita 1.609, akwai mil na ruwa mai kilomita 1.852, kuma da na ruwan muke aiki a harkar jirage.

Wannan gajeriyar hanya ba ita ce wadda ido yake gani a taswirar bango ba. Duniya ƙwallo ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiyar takarda ce, kuma ba yadda za a yi ka shimfiɗa ɓawon lemo a faranti bai yage ko ya miƙe ba. Idan ina koya wa sababbin ma'aikata, kankana nake sa a sayo da zaren ɗinki. In yi ɗigo biyu a jikinta, in ce wannan Kano, wannan Guangzhou, in ɗora zaren in ja shi ya yi tsam. Duk inda zaren ya kwanta, nan ce hanya. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Guangzhou tana kan digiri 23. Hankali zai ba ka cewa hanyar za ta riƙa hawa sannu a hankali daga 12 zuwa 23. Amma zaren ba haka yake yi ba. Yana fita daga Kano ya fuskanci gabas maso arewa, ya ratsa Chadi da arewacin Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, ya wuce tsakanin Jidda da Madina, ya gifta ta arewa kaɗan da Doha, ya haura har kusan digiri 29 a saman Delhi ta Indiya, sannan ya gangaro kudu zuwa Guangzhou. Wato sai ya wuce garin da za shi ta arewa kafin ya sauko masa. A allon da ke bayan kujerar gabanka za ka ga layin tafiya ya lanƙwasa kamar baka, ka ɗauka matuƙi yana zagaye. Ba zagaye yake ba, takardar ce ta lanƙwasa hanyar.

Da wannan zaren za ka iya auna garuruwan da ake ya da zango. Ta Doha, Kano zuwa can kimanin kilomita 4,750 ne, daga can zuwa Guangzhou 6,200, jimla kusan daidai da miƙaƙƙiyar hanya, tunda Doha a bakin zaren take. Ta Alƙahira, 3,100 da 8,000, jimla 11,100. Ta Addis da za ka bi, 3,300 da 8,000 da 'yan kai, jimla kimanin 11,350. Bambancin mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kilomita ɗari huɗu da wani abu ba, tafiyar rabin awa ke nan a jirgi. Shi ya sa nake gaya wa 'yan kasuwa kada su zaɓi hanya saboda kilomita. Abin da yake cinye lokacin matafiyi zaman jira ne. Wani tikitin jiran awa uku ne, wani awa goma sha huɗu, wani kuma jirgin zai fara biyawa ta Abuja ya ɗebi mutane, abin da zai ƙara maka sauka da tashi da zaman awa guda a cikin jirgi, a kan tazarar kimanin kilomita 360 kacal.

To yaya ake mayar da kilomita ta zama awa? Manyan jiragen dogon zango irin Boeing 787 da Airbus A350 suna gudun kusan kilomita 900 a awa idan sun daidaita a sama, a tsayin kilomita goma zuwa sha biyu. Ƙananan irin Boeing 737 suna yin kimanin 830. Sai dai jirgi ba ya fara wannan gudun daga bakin ƙofa. Lokacin da aka rubuta a tikiti yana farawa ne daga sa'ar da aka cire abin tare taya aka tura jirgin baya, ya ƙare sa'ar da ya tsaya cik a wancan filin. A tsakani akwai tafiyar hawainiya zuwa titin tashi, da layin jiran izini daga hasumiya, da minti ashirin zuwa talatin na hawa, da kusan rabin awa na saukowa. Lissafin da nake ba mutane na kai-tsaye shi ne: raba nisan da 850, ka ƙara minti 40. Gwada da Addis zuwa Guangzhou: 8,000 a raba da 850 ya ba ka awa tara da minti 25, ka ƙara 40, ka sami awa goma da 'yan mintoci. Tikitinka ya ce goma da rabi, domin kamfanoni sukan ɗan ƙara rara saboda cunkoson manyan filaye. Shi ya sa wani lokaci za a tashi a makare da minti ashirin amma a sauka a kan lokaci.

Yanzu ga maganar rabin awar nan. Mutane da yawa, har da masu ilimi, sukan ce ai duniya ce take juyawa a ƙarƙashin jirgin. Da haka ne, da tafiya yamma ce za ta fi sauri, domin duniya gabas take juyawa, kuma a daidai Kano gudun juyawarta ya haura kilomita 1,600 a awa, kusan ninki biyu na gudun jirgi. Amma iskar da jirgi yake iyo a cikinta tare take juyawa da duniyar. Ka lura da ƙuda a cikin motar haya da ke gudu a hanyar Zariya: yana tashi daga kujerar baya zuwa ta gaba hankalinsa kwance, gudun motar bai dame shi ba, saboda iskar cikin motar tare suke tafiya.

Abin da yake kawo bambancin shi ne wasu koguna na iska da suke can sama, daidai tsayin da jirage suke bi. Zafin tsakiyar duniya da sanyin ƙarshenta, tare da juyawar duniyar, su suke haifar da su, kuma galibi daga yamma suke kwarara zuwa gabas. Wanda ya shafe ka yana kwance ne wajen digiri 25 zuwa 30, ta saman Masar, Saudiyya, arewacin Indiya da kudancin Chana. A lokacin hunturu yakan yi ƙarfi, ya kai kilomita 200 a awa ko fiye a tsakiyarsa. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a Yawuri ya san bambancin bin ruwa da gaba da ruwa. Jirgi ma haka. A ce yana gudun 900 a cikin iska, iskar kuma tana tura shi da 100, a ƙasa 1,000 yake ci. Idan ya juyo ya fuskance ta, 800 yake ci. Ɗauki Doha zuwa Guangzhou, kilomita 6,200. Ba iska, awa shida da minti 53. Da iska a baya, awa shida da minti 12. Da iska a gaba, awa bakwai da minti 45. Ka lura da wani abu: ribar zuwa minti 41 ce, hasarar dawowa minti 52. Kullum iska tana karɓar fiye da abin da ta bayar, domin ka fi daɗewa a cikin wadda take gaba da kai.

Hanyarka ta Addis ta fi kusa da kudu, ta saman tekun Larabawa da Indiya, don haka ba ta shiga tsakiyar wannan kogin sosai, shi ya sa bambancin naka bai wuce rabin awa ba. A damina ma, daga Yuni zuwa Satumba, kogin yakan ja arewa, wata iska mai tahowa daga gabas ta mamaye saman kudancin Indiya har zuwa Afirka. A wannan lokacin bambancin yakan ragu, wata rana ma dawowar ta fi zuwa sauri. Wannan ne ya sa ba mu taɓa ɗaukar lissafin jiya mu ba matuƙin yau ba. Kowace tafiya da nata. Na sha zama da tsakar dare ina duban taswirar iska a kwamfuta, in ga hanyar da ta fi tsawo da kilomita ɗari biyu ta fi gajeriyar sauri da minti goma sha biyar, saboda ta kauce wa iskar gaba. Matuƙi ya zo da kofin shayinsa a hannu, ya bi takardun layi-layi da yatsa, ya tsaya a kan hasashen yanayin filin sauka, ya ce a ƙara masa tan biyu na mai. Jirgi irin 787 yana shan kusan tan biyar a awa, ke nan tan biyun nan mintoci ashirin da wani abu ne na shawagi idan an ce ya jira. Ban taɓa jayayya da matuƙi a kan irin wannan ba, domin shi ne zai kasance a can sama da rayukan mutane kusan ɗari uku.

Bayan iska, akwai abin da yake hana jirgi bin zaren ko da ya so. Na farko duwatsu. Daga Delhi zaren yana bi ta kan tsaunukan Himalaya da gefen tudun Tibet, inda ƙasa kanta ta haura mita 4,500. Idan iskar shaƙa ta cikin jirgi ta zube, dole matuƙi ya sauko da gaggawa zuwa wajen mita 3,000 inda mutum zai iya numfashi da kansa, kuma abin rufe hancin nan da yake faɗowa daga sama mintoci kaɗan yake yi, tsakanin sha biyu zuwa ashirin da 'yan kai. A kan Tibet babu wurin saukowa irin wannan. Saboda haka jirage sukan zame kudu, ta Bangladesh da Myanmar, su shiga Chana ta lardin Yunnan.

Na biyu rikici. Sama ma tana da iyakoki, kowace ƙasa da nata sararin, kuma sai da izininta ake ratsawa, a biya ta kuɗi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe samaniyarta, mu a nan mun ji a jikinmu, domin miƙaƙƙiyar hanyar Kano zuwa Jidda da ta Kano zuwa Addis duk ta kanta suke bi. Alhazan wannan shekarar sun ga yadda tafiyar da aka saba yi cikin awa huɗu da rabi ta ƙaru da awanni saboda zagaye, kuɗin mai ya ƙaru tare da ita. A watan Agustan shekarar Nijar ma ta rufe nata sararin na kusan wata guda bayan juyin mulki, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka koma dogon kewaye. A 2019 Pakistan ta rufe nata daga ƙarshen Fabrairu har tsakiyar Yuli. Garuruwan suna nan inda suke, amma awannin tafiya suka sauya. Idan ka ga Kano zuwa Addis an rubuta awa biyar alhali lissafin 850 ɗin nan ya ba ka awa huɗu da minti 33, irin wannan kaucewar tana cikin dalilai.

Filin jirgin kansa yana da tasiri. Addis Ababa tana kan tudu mai tsayin mita 2,300 da wani abu, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. A kan tudu iska ba ta da kauri, injin ba ya samun cikakken ƙarfi, fiffike ba ya ɗaukar nauyi kamar a ƙasa-ƙasa. Wannan ne ya sa jiragen da ke tashi daga Addis zuwa Amurka sukan tsaya shan mai a hanya, amma a dawowa su zo kai tsaye. Sanyin dare yana taimaka wa jirgi mai nauyi ya tashi daga irin wannan fili.

Ka tambayi abin da ya hana a miƙe daga Kano zuwa Guangzhou. Ba gazawar jirgi ba ce. Ana tashi daga Singafo zuwa New York ba tsayawa, fiye da kilomita 15,300, awa 18 zuwa 19. Tamu da awa goma sha uku ko sha huɗu za a gama. Matsalar kasuwa ce, kuma kai ka fi ni saninta. Kamfani yana son kujeru ɗari uku su cika zuwa da dawowa, sau da yawa a mako, duk shekara, ba lokacin baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a Afrilu da Oktoba kaɗai ba. Kano ita kaɗai ba ta cika wannan, amma idan aka tara na Kano, na Legas, na Accra, na Yamai da na Douala a Addis, jirgi ya cika. Da can Kano ce take wannan matsayi. Jirage na farko da suka sauka a garin, na sojan saman Ingila ne guda uku da suka taso daga Masar a 1925, kuma kwanaki suka yi a hanya suna sauka suna tashi. Daga baya, shekara da shekaru, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka a Kano suke shan mai, har aka ƙera waɗanda ba sa buƙatar tsayawa.

Shawarar da zan ba ka a kan zaman jira ita ce kada ka yi kwaɗayin mafi gajarta, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Ba na manta wata ranar hazo a Kano, ƙura ta rufe gari har daga tagar ofis ba ma hango wutsiyar jirgin da ke tsaye a gabanmu. Jirgin da zai ɗauki mutanenmu ya zo ya yi ta kewaya sama, matuƙi bai ga titi ba, ya juya ya sauka Abuja. Sai bayan awa huɗu ya iso. A cikin fasinjojin akwai wani dattijo da jiransa a zango na gaba awa ɗaya da rabi ne kacal. Yana zaune a kan jakarsa yana jan carbi, lokaci-lokaci ya ɗago ya dubi allo. Na san jirginsa na biyu ya riga ya kuɓuce tun muna Kano, kuma ni ne na je na tsuguna na gaya masa. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne tikitinsa guda ɗaya ne tun daga Kano har ƙarshen tafiya, don haka kamfanin ya sa shi a jirgin washegari ba tare da ya ƙara ko kwabo ba. Da tikiti biyu ya yanka daban-daban don neman sauƙi, da na biyun ya ƙone. Awa huɗun da aka ba ka a Addis daidai ne, kada ka bari wani ya canza maka zuwa ƙasa da uku.

Da yake gabas za ka, rana za ta yi maka gajarta. Za ka tashi daga Addis da tsakar dare, bayan 'yan awanni ka ga gari ya waye ta taga, kuma lokutan salla za su riƙa zuwa kusa da kusa. Da hasken da kake gani a inda jirgin yake za ka yi aiki, ba da agogon hannunka ba. Da ka zauna a jirgi na biyu ka mayar da agogon lokacin Chana, ka yi ƙoƙarin yin barci a farkon tafiyar, ka sha ruwa sosai, ka riƙa tashi kana taka ƙafa. Jiki yakan ɗauki kwanaki kafin ya saba da tazarar awa bakwai, kuma zuwa gabas ya fi wuya, don haka kada ka sa babban ciniki a safiyar farko.

Sai abu na ƙarshe, wanda na ga ya sa mutane da yawa asarar tikiti. Jirgin dawowarka na ƙarfe 12:30 na dare ne, za ka ga an rubuta 00:30. Idan kwanan watan da ke jikinsa Juma'a ce, to ranar Alhamis da daddare za ka tafi filin jirgi, domin da ƙarfe sha biyu ta buga Juma'ar ta shiga. Ka kasance a Baiyun tun wajen ƙarfe 9:00 na daren Alhamis, da kayanka a aune, domin filin babba ne kuma layin masu kaya irin naku yana da tsawo.